Abin da koci ke faɗa da abin da sabon ɗan ƙarfe ke ji

A wani gidan ƙarfe da nake zuwa bayan la'asar, na taɓa tsayawa ina kallon wani matashin koci yana koya wa sabon shiga yadda ake ɗago ƙarfe daga ƙasa. Yaron ya sunkuya ya kama sanda, tun bai gama daidaita tsayuwa ba umarni ya fara zubo masa kamar ruwan Agusta: "Miƙe bayanka! Ɗaga ƙirji! Sauke ɗuwawu! Matse ciki! Kada ka kalli ƙasa! Gwiwa waje! To, ja!" Na ƙirga, umarni bakwai cikin abin da bai kai daƙiƙa goma ba. Yaron ya ja, bayansa ya lanƙwashe kamar baka, ƙarfen ya yi gaba ya bar ƙafafunsa, ya dire shi da ƙara. Koci ya juyo wajenmu yana girgiza kai ya ce, "Wannan ba ya jin magana."

Babu ko ɗaya cikin maganganun kocin nan da za ka ce kuskure ne. Bayan yaron na bukatar miƙewa, cikinsa na bukatar matsewa, gwiwar ma haka. Kocin ya san ƙarfe, jikinsa kaɗai ya isa shaida. Abin da bai sani ba shi ne yawan maganar da kunne ke iya ɗauka alhali mutum yana sunkuye, kilo 40 na hannunsa, ƙattai sun kewaye shi suna kallo, gabansa na dukan uku-uku. Iya ɗagawa daban, iya koyarwa daban, amma a yawancin gidajen ƙarfenmu wanda ya fi kowa damtse shi ake kira koci.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna wannan abu. A 1956 George Miller ya rubuta cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda kusan bakwai ne, ya ƙaru da biyu ko ya ragu da biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake bin lamarin ya ce ai bai ma kai haka ba, kusan huɗu ne. Wannan fa lissafin mutumin da ke zaune lafiya ne, ba abin da ya dame shi. Sabon shiga kuwa ya riga ya cike guraben nan tun kafin koci ya buɗe baki: ɗaya ya tafi ga tsoron kada ƙarfe ya suɓuce, ɗaya ga kunyar 'yan kallo, ɗaya ga tunanin inda zai ajiye ƙafa. In an yi sa'a gurbi ɗaya ne ya rage wa koci. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai.

Akwai kuma dalilin da ya sa shi kocin bai ga laifinsa ba. Paul Fitts da Michael Posner, a 1967, sun kasa koyon duk wani aikin sarrafa jiki zuwa mataki uku. A na farko da ka ake aiki, kowane motsi sai an yi tunaninsa, kamar mai koyon tuƙi da ke neman giya da ido. A na biyu motsin ya fara haɗewa, sai gyare-gyare. A na uku jiki ya haddace, mutum na iya yi yana hira. Koci ya yi shekaru a mataki na uku, shi ya sa abubuwa bakwai ɗin nan a wurinsa abu ɗaya ne, "ɗaga daidai" kawai. A wurin yaron kuwa bakwai ne cur, kuma kowanne sabo.

Saboda haka aikin koci na farko zaɓi ne: cikin kurakurai biyar ko shida da idonsa ya gani, wanne ne uwa, waɗanne ne 'ya'ya? A ranar da nake ba da labari, wani dattijo cikin tsofaffin 'yan ƙarfen wurin ne ya raba gardama. Ya zo ya zare faranti, wato nauyin da ake zura wa sanda, ɗaya-ɗaya daga kowane gefe, ya ce wa yaron, "Ɗana, matso. Sa sandar nan ta tsaya daidai kan igiyar takalminka." Yaro ya matso. "Sunkuya ka kama, ka kawo ƙwaurinka ya taɓa ta." Ya yi. "To, goga ta a ƙafarka har ka miƙe." Shi ke nan abin da ya faɗa, kuma kowace magana sai da aka aikata ta kafin ta gaba ta fito. Yaron ya ɗaga, bayan bai zama na gwanaye ba, amma rabin lanƙwasar ta tafi ba tare da an ambaci baya ko sau ɗaya ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa: in ka manna shi da jikinka ka kai shi ɗaki, in ka miƙa hannu da shi gaba sai ƙugunka ya gaya maka. Nauyin bai canja ba, nisansa daga ƙugu ne ya ƙaru. Sandar yaron ta yi nisa da ƙafa tun daga farawa, ita ce uwar kuskuren, sauran duk ita ta haife su.

Wannan gajarta magana ba baiwar dattijon nan ba ce shi kaɗai. A kakar wasa ta 1974 zuwa 1975, wasu masu bincike biyu, Roland Tharp da Ronald Gallimore, sun zauna a filin atisayen John Wooden, kocin ƙwallon kwando na jami'ar UCLA a Amurka, wanda ya ci kofin jami'o'in ƙasar sau 10 cikin shekara 12. Sun rubuta duk abin da ya faɗa ko ya nuna, abu 2,326. Kusan rabi umarni ne tsantsa, yi kaza, yi shi haka. Yabo bai kai kashi 7 cikin 100 ba, faɗa ma haka. Maganganunsa gajeru ne, da wuya ya kai daƙiƙa 20 yana magana. Ƙwallon kwando ba ƙarfe ba ce, na sani, amma abin lura shi ne mutumin da ake zaton da dogon jawabi da zuga yake cin kofi, ashe guntayen bayanai yake jefawa a daidai lokacin da ake bukatarsu.

Lokacin nan ma ilimi ne mai zaman kansa. Kafin a kama ƙarfe akwai sararin bayani, jimla biyu ko uku, a faɗi abin da za a yi da abu ɗaya da za a kula da shi. Da zarar ƙarfe ya bar ƙasa, kalma ɗaya ko biyu ce kawai ke shiga, kuma dole ta zama wadda aka riga aka yi yarjejeniya a kanta. In koci ya ce "goga!" a tsakiyar ɗagawa, yaron nan ya san me ake nufi domin an gina kalmar tun yana tsaye. In ya jefo sabon abu, misali "juya ƙugu", yaro zai tsaya tunanin ma'ana da nauyi a hannu, wanda shi ne mafi munin lokacin tunani. Bayan an dire, a bar mutum ya numfasa tukuna. Wanda ke haki ba ya sauraro.

To, in kalma ɗaya ce ta rage, wace iri za a zaɓa? Nan ne binciken Gabriele Wulf ya shigo, wata Bajamushiya da daga baya ta koma Jami'ar Nevada a Las Vegas. A 1998 ita da abokan aikinta sun ɗora mutane kan wata na'ura mai kwaikwayon gudun kan ƙanƙara. Wasu aka ce su mai da hankali kan ƙafafunsu, wasu aka ce su mai da hankali kan tayoyin da ke ƙarƙashin ƙafafun. Tazarar da ke tsakanin ƙafa da taya ba ta taka kara ta karya ba, amma 'yan taya sun fi koyo. Daga nan aka yi ta maimaita gwajin a wasanni iri-iri. A 2004 aka gwada da lanƙwasa hannu da ƙarfe, aka manna wa mutane na'urar auna aikin tsoka, aka ga cewa masu tunanin sanda tsokarsu ba ta wahala kamar ta masu tunanin damtse, alhali nauyi ɗaya suka ɗaga. Bayanin da Wulf ta bayar shi ne, in ka sa wa gaɓa ido kana son sarrafa ta da tunani, kana shiga sharo ba shanu ne cikin aikin da jiki ya fi ka iyawa. Gwada saukowa daga bene kana tunanin yadda kowace gwiwa ke lanƙwashewa, za ka ji tafiyar ta zama baƙuwa.

A gidan ƙarfe fassarar wannan mai sauƙi ce. Maimakon "miƙe gwiwoyinka da ƙarfi", a ce "tura ƙasa ta yi nesa da kai". Maimakon "matse tsokar ƙirji" a kan benci, a ce "harba sandar zuwa rufi". Maimakon "buɗe cinya", a ce "kana tsaye kan tabarma, yaga ta biyu da ƙafafunka". Duk magana ce kan ƙasa, sanda, rufi, tabarma, abubuwan da sabon shiga ya sani. Ba ya bukatar sanin sunan tsoka ko inda take. Ni kaina na daɗe ana ce mini in matse tsokar gefen baya, ina gyaɗa kai, alhali ban san ta inda ake kama ta ba, har ranar da wani ya ce in ɗauka na maƙale 'yar dubu a kowace hammata kuma iska na kaɗawa. Nan take na ji ta.

Sai dai kada a mai da abin addini. A 2018 Brad Schoenfeld da abokan aikinsa sun horar da samari 30 da ba su taɓa ɗaga ƙarfe ba, tsawon mako 8. Waɗanda aka ce su ji tsokar tana matsewa, kaurin damtsensu ya ƙaru da kashi 12.4 cikin 100, waɗanda aka ce su dai kai nauyin sama kuwa kashi 6.9. A cinya ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Wato in aikin mai sauƙi ne, gaɓa ɗaya, kuma burin shi ne tsoka ta kumbura, tunanin tsokar na da amfaninsa. Ban da haka, wasu masu bincike da suka sake tace sakamakon gwaje-gwajen nan a 'yan shekarun baya sun ce an zuzuta girman tasirin mai da hankali waje, wato kan sanda ko ƙasa maimakon gaɓar jiki. A ganina abin da koci zai ɗauka a nan ba shi da wuya: a manyan ɗagawa masu haɗa gaɓoɓi da yawa, irin tsugunno da ɗagowa daga ƙasa, ya fara da maganar waje, in ba ta ci ba ya canja. Jikin ɗalibin ne alƙali, ba takarda ba.

Abin da ya fi maganar waje ƙarfi shi ne kwatance, domin kwatance ɗaya yana haɗiye umarni biyar. A 2001 Liao da Richard Masters sun koya wa sababbi wani bugu na ƙwallon tebur. Rukuni ɗaya aka ba su jerin ƙa'idoji, ɗayan aka ce musu kawai su zana alwatika da abin bugun, su bugi ƙwallo a kan layin da ke hawa. Da aka matsa musu lamba, aka kuma haɗa musu da wani aikin ƙwaƙwalwa suna cikin wasa, 'yan ƙa'idoji suka rikice, 'yan alwatika suka ci gaba da abinsu. Hoto ɗaya gurbi ɗaya yake ci.

Amma kwatance sai ya fito daga rayuwar mai koyo, kuma nan ne kocinmu da yawa ke tuntuɓe. Sun koyi sana'ar daga bidiyon YouTube, sai su kwaso misalan can yadda suke. Za ka ji ana ce wa yaro ya tsuguna "kamar zai zauna kan kujera", misalin da aka ƙirƙira domin mutanen da suka girma ba su taɓa tsugunawa har ƙasa ba. Yaron da ya tashi yana tsugunno wajen alwala, wajen cin tuwo, wajen gaida manya, ba zurfin tsugunno ne matsalarsa ba. Sau da yawa ma ya fi kocin iya kaiwa ƙasa. Abin da bai iya ba shi ne tsugunawa jiki a ɗaure, domin tsugunnon gida na hutawa ne, ana sakin baya a zauna kan dunduniya. Shi abin da za a gaya masa ya shafi ciki: "Ja numfashi, ka ɗaure kamar ɗan dambe zai kai maka naushi a ciki, kada ka saki sai ka miƙe." Duk wanda ya taɓa ganin dambe, ko ya taɓa shan naushin wasa daga yayansa, cikinsa ya san amsar.

Kwatancen da na ga ya fi kowanne saurin aiki a wurinmu shi ne ruku'u. Motsin da ya fi ba sababbi wahala a duniyar ƙarfe shi ne sunkuyawa daga ƙugu, baya a miƙe, ɗuwawu ya yi baya. Kociyoyi a wasu ƙasashe kan yi makonni suna fama da shi. Alhali yaron da ya yi makarantar allo an riga an koya masa cewa a ruku'u ana shimfiɗa baya ya daidaita, har a ce in an zuba ruwa a kai zai tsaya. Yana yin wannan motsi sau 17 a farillan kowace rana. Koci ya ce, "Yi ruku'u. To, ɗan saki gwiwa kaɗan, ka bar hannuwa su sauka." An gama rabin darasi. Bambancin da za a nuna masa shi ne a nan gwiwa tana ɗan lanƙwashewa, kuma ciki a ɗaure yake. Wanda ba Musulmi ba, ko wanda ya ga bai dace a kawo misalin ibada wurin wasa ba, sai a nemo masa wani: ya juya wa bango baya, taki ɗaya tsakaninsu, ya kai ɗuwawu ya taɓa bangon ba tare da ya faɗi ba.

Wannan na bango ya kawo mu kan wata dabara, wato barin kaya su yi magana a madadin baki. A ɗora wa mutum gora ko sandar tsintsiya a gadon baya, ta taɓa ƙeya, ta taɓa tsakanin kafaɗu, ta taɓa ƙashin gindi. A ce ya sunkuya, wuri ukun nan kada su rabu da ita. Da bayan ya lanƙwashe, shi da kansa zai ji sandar ta ɗaga, ba sai an yi masa tsawa ba. A ajiye benci a bayan mai tsugunno, ya san inda zai tsaya. Nuni ma haka yake, gani ya kori ji, amma sai an gaya wa ido inda zai kalla. In koci ya ce "kalle ni" kawai, yaro faranti zai ƙirga. A tsayar da shi a gefe, a ce "kalli sandar, ka ga ko ta rabu da ƙafata". Wooden yana da wata al'ada da masu binciken nan suka lura da ita: ya nuna daidai, ya nuna yadda ɗan wasa ya yi, ya sake nuna daidai. Hoton ƙarshe da ke zama a ido shi ne mai kyau. Yau kuma ga waya a aljihun kowa, bidiyon daƙiƙa goma daga gefe ya kashe musun "ai bayana a miƙe yake".

Akwai kalma ɗaya da nake ganin ya kamata koci ya yi mata rowa, ita ce "kada". A 1987 Daniel Wegner ya ce wa mutane kada su yi tunanin farar beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, kuma duk sanda ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. "Kada gwiwarka ta shigo ciki" ta sa hankali kan gwiwa da kan ciki, kuma ba ta faɗi abin da za a yi ba. Wadda ta fi ta muni ita ce ta tsoratarwa: "Haka za ka karya bayanka", "Gwaiwa za ta sauko maka". Mai faɗa yana ganin kariya yake yi. Abin da yake haifarwa shi ne mutum mai ɗari-ɗari da ƙarfe, mai sanƙarewa, wanda ko ɗan tsamin jiki ya ji sai ya ce shi ke nan, abin da aka faɗa ya faru. In nauyin ya fi ƙarfin mutum har ana tsoron rauni, maganin yana hannun koci: ya rage faranti.

Rage farantin ma sai da lafazi. Sandar gasa ta maza kilo 20 ce ba komai a jikinta, ta mata kilo 15, amma saurayi yana ganin ɗaga sanda tsirara abin kunya ne a gaban abokai. In aka ce masa "ba za ka iya wannan ba", an taɓo girman kai, gobe zai zo ya gwada a ɓoye. In aka ce "yau hanyar sanda muke koyo, nauyi na nan zuwa", kuma ya ga kocin ma da sanda tsirara yake ɗumama jiki, sai ya sauko. A wuraren da faranti na siminti ne da aka zuba a bokiti, ko tsofaffin ƙarafan mota, babu ma wanda ya san kilo nawa ne. Nan tambaya ce ma'auni: "Da na ce ka ci gaba, guda nawa za ka ƙara?" In ya ce biyu ko uku, nauyin ya yi. Sai dai sababbi ba su iya wannan ƙiyasi ba tukuna, wani ya cika baki ya ce goma alhali hannunsa na rawa, wani ya ce ko ɗaya alhali sandar tashi take kamar takarda. Koci ya saurari amsar, ya kuma kalli saurin sandar, domin ita ba ta fahariya.

Yawan gyara shi ma cuta ne, ko da gyaran daidai ne. A 1990 Carolee Winstein da Richard Schmidt sun koya wa mutane wani motsi na hannu a ɗakin gwaji. Wasu ana gaya musu sakamako bayan kowane gwaji, wasu rabin lokaci kawai, ana ragewa a hankali. Da aka dawo da su daga baya babu mai gaya musu komai, 'yan rabi suka fi riƙe abin da suka koya. Wanda ake yi wa gyara a kowace ɗagawa yana mai da koci sandar makaho, ranar da koci bai zo ba sai ya rasa gabas. Za ka gane irinsu, da sun dire ƙarfe sai su waiga suna neman fuskar oga. Ranar farko da ta biyu a yi magana sosai, babu laifi. Daga nan a fara ja baya, ƙananan kurakurai a bar su su wuce, a riƙa tambaya kafin a faɗa: "Wacce ta fi maka daɗi cikin biyar ɗin nan? Me ya bambanta ta?" Yabon ma ya zama mai ɗauke da labari. "Madalla" daɗin ji kawai gare ta. "Ta ukun nan sandar ba ta bar ƙwaurinka ba" ta gaya masa abin da zai maimaita.

Tambaya kuwa a wurinmu tana da tarko. An tarbiyyantar da mu cewa in babba ko malami ya ce "ka gane?", amsar ita ce "na gane". Cewa a'a kamar rashin kunya ne, ko tona wa kai asiri. Don haka "ka gane?" ba ta auna komai. "Nuna mini" ce ke aunawa, ko "in ƙaninka ne, yaya za ka gaya masa?" Haka batun ciwo. Kalmar ciwo ta haɗa komai, daga gajiya har targaɗe, kuma namiji ba ya son ya ce yana jin ta. Koci ya rarrabe masa: tsami ne a cikin nama, ko suka ce a gaɓa kamar allura, ko wani abu ne ke tsarga ƙafa kamar lantarki? Na farko a ci gaba, sauran a tsaya. Kuma a gaya masa tun ranar farko cewa jiki zai yi tsami, ya fi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, har sauka daga kan babur ya zama aiki, sannan ya wuce. Wanda ba a gaya wa ba yakan ɗauka ya ji rauni ne, ba a sake ganinsa. Abin da ba a wasa da shi shi ne tsami mai tsanani tare da kumburi da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Wannan asibiti ne kai tsaye, domin alama ce ta tsoka ta farfashe tana barazana ga ƙoda.

Wata gaskiyar da ake ɓoye wa sababbi ita ce ta lokaci. A makonnin farko ƙarfi yana ƙaruwa da sauri, amma yawancinsa jijiyoyi ne ke koyon tafiyar da tsoka, kamar yadda Moritani da deVries suka nuna tun 1979. Girman nama sai daga baya. Yaron da ya zo don riga ta matse shi kafin Sallah, in ba a gaya masa haka ba, bayan wata guda zai duba madubi ya ga shiru, sai wani ya ja shi gefe ya nuna masa allurar kumbura tsoka.

Yanzu kuma ba samari kaɗai ke zuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, likitoci na turo masu ciwon suga da masu ƙiba, sai ka ga koci ɗan shekara 25 a gaban sa'an mahaifinsa. Ba zai ce masa "sauke ɗuwawu" a gaban yara ba. Zai matso ya rage murya: "Alhaji, ku ɗan ƙara buɗe ƙafa, ku tura ƙugu baya." Kafin ma a kai nan akwai tambayar da ba a tsallakewa, ta hawan jini da zuciya. A 1985 MacDougall da abokan aikinsa a Kanada sun auna hawan jinin ƙwararrun 'yan ƙarfe suna tura nauyi da ƙafa, suka ga yana haurawa kusan 320 bisa 250, wani ma ya kai 480 bisa 350. Na ɗan lokaci ne, kuma nauyin na ƙarshen ƙarfi ne, amma riƙe numfashi na cikin abin da ke ingiza shi. Saboda haka "ɗaure ciki ka riƙe numfashi" da aka gaya wa saurayi ba ita za a gaya wa Alhaji mai shan maganin hawan jini ba. Shi nauyi mai sauƙi, ya fitar da iska yayin turawa, kuma da izinin likitansa. Mata ma haka, inda namiji ne ke koyarwa: babu kai hannu jiki don gyara, sanda da bango da nuni sun isa, in da koci mace kuwa ta fi. Ko namiji ɗan'uwanka ne, "in taɓa nan?" ba ta cin daƙiƙa biyu.

Sai maganar da ya kamata a gama tun mutum bai kwanta kan benci ba, domin nan ne ƙarfe ke bisa wuya. Mai ɗagawa ya faɗi guda nawa zai yi. A yarda da yadda za a ciro sandar daga maratayi, "ɗaya, biyu, uku", da kalmar da mai tsaro, wato wanda ke tsaye a kansa don taimako, zai ji ya san an karɓa, ya saki. A yarda da kalma ɗaya ta neman ceto, "ɗauka", wadda in an faɗe ta babu "saura ɗaya, daure". A kuma gaya wa mai tsaron cewa in sandar ta tsaya cak ko ta fara komawa ƙasa, ya kama ko bai ji komai ba, saboda wanda ƙarfe ya danne wa ƙirji sau da yawa ba shi da iskar da zai yi magana da ita.